Shin fangas ɗin da ke zaune cikin ganye da saiwa zai iya ba mu sabon maganin bakteriya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a fannin nazarin ƙananan halittu. Malamin da ke duba aikina ya ba ni shawarar in yi bincike kan fangas ɗin da ke rayuwa a cikin jikin tsirrai, wai suna fitar da sinadaran da ke kashe bakteriya. Abin ya ɗaure min kai, domin ni a sanina fangas in ya shiga tsiro cuta yake sa masa. Ta yaya zai zauna a ciki lafiya, har ya zama tushen magani? Kuma da gaske akwai fatan samun sabon antibayotik ta nan, ko dai yayi ne kawai na masu bincike? Ba na so in ɓata shekara a kan abin da ba shi da tushe."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, tsoron da kike ji na ɓata shekara tsoro ne mai ma'ana, kuma na ji daɗi da kika yi tambaya kafin ki tsunduma. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: yadda fangas ke zama cikin tsiro ba tare da ya cutar da shi ba, da kuma ko zancen samun maganin bakteriya daga gare shi zance ne da za a iya riƙewa. Fannin yana da tushe mai ƙarfi. Sinadaran suna nan da gaske, na sha ganin aikinsu da idona. Sai dai tsakanin "ya kashe bakteriya a faranti" da "ya zama magani" akwai tafiya mai nisan gaske, kuma yawancin rubuce-rubucen da za ki ci karo da su tsallake wannan tafiya suke yi kamar babu ita. A nan zan fi daɗewa.

Ɗan hayan da ba a gani

Ki tsinko ganye kore shar, wanda babu tabo ko ɗigo a jikinsa. Ki wanke bayansa har ki tabbatar babu wani abu mai rai da ya saura a kai, ki yayyanka shi ƙanana, ki jera a farantin gwaji mai ɗauke da abincin fangas. Bayan kwana uku ko huɗu, in kin ɗaga farantin ga haske, za ki ga wani farin gashi siriri kamar zaren auduga yana leƙowa daga bakin yankan, daidai inda wuƙa ta bi. Kafin mako ya zagayo wani ya koma toka-toka, wani ruwan hoda, wani baƙi ƙirin, wani kuma ya rine abincin da ke ƙarƙashinsa ja. Na yi wannan aikin ban san adadi ba, amma har yau in na ga zaren farko ya ɓullo sai na tsaya na ƙura masa ido. Duk waɗannan a cikin ganyen suke zaune, a 'yan sararin da ke tsakanin ƙwayoyin halittarsa, shi kuwa ganyen lafiyarsa ƙalau.

Su ne ake kira endofayit. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta "cikin tsiro", kuma masanin tsirrai ɗan Jamus, Anton de Bary, shi ya fara amfani da ita a 1866. A yau in an faɗe ta ana nufin ƙananan halittun da ke rayuwa cikin jikin tsiro ba tare da wata alamar cuta ta bayyana ba. Kusan duk tsiron da aka bincika an same su a ciki, tun daga ciyawa har manyan itatuwa, a ganye, a ɓawo, a saiwa, wasu har cikin iri.

Abin da aka koya miki ba kuskure ba ne, fangas na sa wa tsiro cuta. Rabin labarin ke nan. Ni nakan kwatanta wa ɗalibaina abin da zaman haya. Mai gida yana da makamansa, ɗan haya ma yana da nasa. Tsiro na fitar da sinadaran kariya da ke hana fangas wuce gona da iri, fangas kuma na fitar da nasa da ke hana tsiron fatattakarsa. Muddin ƙarfin ya zo daidai, ba za ki ga cuta ba. In tsiron ya tsufa, ko fari ya galabaitar da shi, wani ɗan hayan kan rikiɗe ya zama maƙiyi. Wani kuma zaman jira yake yi, ganyen ya faɗi ƙasa ya riga kowa cinye shi. Shi ya sa sunayen da kika haddace a darasin cututtukan tsirrai, irin su Fusarium da Colletotrichum da Alternaria da Phomopsis, su ne dai za su riƙa fito miki daga lafiyayyen ganye.

Akwai kuma 'yan hayan da ke biyan haƙƙin zama sosai. Abin da ya fara jawo hankalin masana ke nan, kuma ta hanyar asara aka gano shi. A Amurka akwai wata ciyawar kiwo mai suna feskiyu da aka shuka a filaye masu yawa. Shanun da ke cinta sai su riƙa ramewa, ba sa jure zafi, wasu su gurgunce, har ƙarshen wutsiya da kofato su lalace saboda jini ya daina isa wurin. Ruwa ba ya tsami banza. A 1977 Charles Bacon da abokan aikinsa a jihar Jojiya suka danganta matsalar da wani fangas da ke cikin ciyawar, wanda yanzu ake kira Epichloë coenophiala, mai fitar da sinadaran da ke tsuke jijiyoyin jini. Da aka samar da irin ciyawar da ba ta da fangas ɗin, shanu suka samu lafiya, amma ita ciyawar ta kasa jure fari da ƙwari kamar da. Ashe fangas ɗin ne mai gadinta. Haka nan a 2003, Elizabeth Arnold da abokanta suka nuna a Panama cewa ganyen koko da aka sa wa endofayit ya fi wanda ba shi da su tsira daga cutar Phytophthora.

Me zai sa fangas ya ƙera makamin bakteriya?

Cikin ganye wuri ne matsattse, abinci kaɗan, maƙwabta da yawa. Ban da sauran fangas, akwai bakteriya da ke zaune a wurin, akwai kuma masu shigowa ta ƙofofin numfashin ganye ko ta rauni. Fangas ba shi da ƙafar gudu, ba shi da haƙorin cizo. Sinadari shi ne makaminsa, da shi yake kare ɗan wurin da ya samu. An daɗe ana wannan gumurzu, miliyoyin shekaru, kuma duk sinadarin da bai yi amfani ba ba ya daɗewa a zuriya domin ƙera shi na cin ƙarfi. Saboda haka in mun je neman maganin bakteriya a wurin fangas, mun je wurin wanda ya riga mu sanin abokin gaba.

Tarihi ma ya goyi bayan haka. Fenisilin daga fangas ya fito, tun da Alexander Fleming ya lura a 1928 a Landan cewa wata funfuna da ta faɗa farantinsa ta hana Staphylococcus tsiro a kewayenta. Dangin sefalosporin, waɗanda seftiriyazon na cikinsu, asalinsu wani fangas ne da Giuseppe Brotzu ya samo a 1945 a bakin wata magudanar ƙazanta da ke kwarara cikin teku a tsibirin Sadiniya na Italiya. Waɗannan rukunai biyu har gobe su ne ƙashin bayan maganin bakteriya a asibitocin duniya. Ba endofayit ba ne, amma sun tabbatar da cewa masarautar fangas ta iya wannan sana'a.

Buƙatar kuwa ba ta taɓa kai yau tsanani ba. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ke bijire wa magani, kuma matsalar tana da hannu a mutuwar kusan mutum miliyan 4.95. An shafe shekaru gwammai ana tonon ƙasa ana neman ƙananan halittu masu magani, har ta kai abu guda ake ta maimaita samu. Dole aka waiwayi wuraren da ba a taɓa ba sosai. Ƙiyasin da David Hawksworth da Robert Lücking suka fitar a 2017 ya ce nau'in fangas a duniya ya kai tsakanin miliyan 2.2 da 3.8, alhali waɗanda aka sa wa suna ba su wuce kusan 150,000 ba. Cikin jikin tsirrai na daga manyan wuraren da ragowar ke ɓoye.

Abin da aka samu, da yadda ya ƙare

Wannan yayi na masu bincike da kike magana a kai yana da ranar haihuwa. A 1993 Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle na jihar Montana ta Amurka suka wallafa a mujallar Science cewa sun samo wani fangas a cikin itacen Taxus brevifolia wanda ke ƙera taksol, maganin kansa mai tsada da a lokacin daga ɓawon itacen ake tato shi. Duniyar bincike ta ɗauka. Kowa ya ce, in haka ne, watakila duk tsiron magani na da fangas a ciki mai ƙera irin maganinsa. Sai dai abin da fangas ɗin ya bayar nanogiram 24 zuwa 50 ne a kowace lita, ɗan mitsitsin da ba ya isa komai, kuma shekaru 30 da ɗoriya ke nan ba a kai ga samar da taksol na kasuwa ta wannan hanya ba. A 2013 ma wasu masu bincike a Jamus sun sake duba fangas ɗin, ba su ga ƙwayoyin gadon da ke ƙera taksol a cikinsa ba. Na kawo miki wannan ne domin za ki ga ana ambaton labarin 1993 a gabatarwar kusan kowace takarda, amma da wuya ki ga an ambaci na 2013.

A ɓangaren bakteriya, labarin da nake so kowane ɗalibi ya sani shi ne na wani sinadari mai suna guanacastepene. A shekarar 2000 Sean Brady da Jon Clardy da abokan aikinsu suka bayyana shi daga wani fangas da aka samo a reshen itacen Daphnopsis americana a yankin Guanacaste na ƙasar Kosta Rika. Siffar sinadarin sabuwa ce fil, ba a taɓa ganin irinta ba. Ya kashe Staphylococcus aureus mai bijire wa metisilin, wanda ake kira MRSA, ya kuma kashe Enterococcus mai bijire wa bankomaisin. Duk abin da mai bincike ke mafarki ya haɗu. Da aka gwada shi a kan jinin ɗan Adam sai ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Abin da yake yi wa fatar bakteriya shi yake yi wa tamu. Nan maganar zamansa magani ta tsaya.

Akwai Muscodor albus, wanda Strobel ya bayyana a 2001 daga itacen kirfa a wani lambun tsirrai a Honduras. Shi wannan ba sai ya taɓa abokin gaba ba. Wani tururi yake fitarwa, gaurayen sinadarai masu tashi a iska, wanda ke kashe fangas da bakteriya irin su Escherichia coli da Staphylococcus aureus daga ɗaya gefen farantin. In aka ware sinadaran ɗai-ɗai ƙarfinsu kan ragu ƙwarai, sai sun haɗu suke kisa. Amfaninsa ya fi karkata ga noma, wajen turara ƙasa da kare amfanin gona bayan girbi, ba ga jikin majiyyaci ba.

Sai javanicin, wanda aka bayar da rahotonsa a 2009 daga wani fangas na jinsin Chloridium a cikin saiwar darbejiya a Indiya, mai aiki a kan Pseudomonas. Sakamako ne mai kyau, amma shi sinadarin an san shi tun shekarun 1940 daga Fusarium javanicum. Wannan ita ce cutar da ta fi addabar fannin: ki sha wahalar wata shida kina tacewa, ƙarshe ki tarar da abin da wani ya sa wa suna tun kafin a haifi malaminki.

To ko akwai endofayit ɗin da ya kai ga asibiti? Akwai. Daga wani fangas na jinsin Hormonema da aka samo a ganyen Juniperus communis a Sifaniya aka tato enfumafungin, aka bayyana shi a shekarar 2000. Masana haɗa sinadarai suka yi ta gyara siffarsa har ya zama ibrexafungerp, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2021. Ki lura da abu biyu. Shekara 21 aka ɗauka. Kuma maganin cutar fangas ne, ta Candida, ba na bakteriya ba. A ɓangaren bakteriya an wallafa ɗaruruwan sinadarai daga endofayit, amma har yau babu wanda likita ke rubuta wa majiyyaci. Ba na faɗin haka don in karya miki gwiwa. Gara ki shiga kin san inda aka tsaya.

Inda aiki ke lalacewa

Zan bi da ke matakan kamar yadda muke yi, in nuna miki ramukan.

Matakin farko shi ne wanke bayan ganyen, kuma a nan ake fara yaudarar kai. Yawanci a wanke da ruwa mai gudu, a tsoma cikin itanol mai ƙarfin kashi 70 na kamar minti ɗaya, sai ruwan bilic mai sodiyam haifokulorait kashi 2 zuwa 5 na 'yan mintoci, a sake ratsa itanol, a ɗauraye sau uku da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyi. Lokacin ya danganta da kaurin abin. Ɓawo ko saiwa sun fi jurewa, ganye mai laushi kuwa in ya daɗe a bilic sai ki kashe har na cikin. Abin da ba a yafewa shi ne gwajin tabbaci: ki danna ganyen da kika wanke a kan wani faranti daban, ki kuma zuba ruwan ɗauraya na ƙarshe a wani. In wani abu ya tsiro a waɗannan, aikin ranar ya tashi, domin ba ki da hujjar cewa abin da kika samu daga ciki ya fito.

Daga nan a jera yankan a kan abincin da ake haɗawa da ruwan dankali da sukari da aga (abin da ke sa abincin ya daskare), wanda muke kira PDA, a ajiye a zafin digiri 25 zuwa 28. Akan zuba wa abincin antibayotik, galibi kuloramfenikol, don kada bakteriyar cikin ganyen ta mamaye farantin. A nan na taɓa faɗawa rami a farkon aikina. Na yanko ɗan ƙulli daga farantin da fangas ya fara tsiro, na ɗora a kan farantin da na shafe da Staphylococcus aureus. Washegari na tarar da wani fili garau ya zagaye ƙullin, faɗinsa ya fi santimita biyu, babu ɗigon bakteriya a ciki. Na gwada fangas na biyu, haka. Na uku, haka. A nan jikina ya yi sanyi, domin ba zai yiwu kowa ya zama gwani ba. Na yanko aga zalla daga gefen da fangas bai kai ba na ɗora, sai ga fili iri ɗaya. Kuloramfenikol ɗin da na zuba da hannuna shi nake aunawa. Murna ta koma ciki, amma tun daga ranar ba na gwada fangas sai na sake dasa shi aƙalla sau biyu a abincin da babu antibayotik, kuma ba na yin gwaji ba tare da ƙullin aga zalla a gefe ba.

Irin wannan ne ke faruwa da ruwan narkarwa. Bayan an rena fangas ɗin a ruwan abinci ko a kan dafaffiyar shinkafa cikin kwalba na mako uku zuwa huɗu, akan tato sinadaransa da itayil asitet, a busar, a narkar da ɗanyen tatson a DMSO ko metanol. Su kansu waɗannan in sun yi yawa suna hana bakteriya tsiro. Tatson akan zuba shi ne a ƙananan ramukan da aka huda a agar farantin bakteriya, don haka dole a samu rami guda da ke ɗauke da ruwan narkarwa kaɗai, da wani mai ɗauke da sanannen antibayotik don kwatance.

Yanzu ga babban batun. Wannan fili da ke zagaye rami, wanda ɗalibai ke aunawa da rula su cika tebur da shi, ba ma'aunin ƙarfi ba ne. Faɗinsa ya dogara da yadda sinadari ke ratsa aga, da kaurin agar, da yawan bakteriyar da aka shafa. Ƙaramin sinadari mai narkewa a ruwa zai yi nisa ko da rauni gare shi, babba mai maiƙo kuwa zai tsaya a bakin rami ko da ya fi ƙarfi. Filin na gaya miki "duba nan" ne kawai. Ma'aunin gaskiya shi ne mafi ƙarancin adadin da ke hana bakteriya tsiro, wanda muke kira MIC, ana yinsa a faranti mai ramuka 96, ana raba ƙarfin tatson biyu-biyu daga rami zuwa rami, da bakteriyar da aka daidaita yawanta a ma'aunin McFarland 0.5. Ƙa'idar da masana da yawa ke bi ita ce ɗanyen tatso ya cancanci a bi sawunsa in MIC ɗinsa ya gaza maikirogiram 100 a mililita, tsantsar sinadari kuma ya gaza 10. Za ki ga takardu suna shelar "gagarumin ƙarfi" a miligiram 50 ko 100 a mililita. Wannan ya ninka ƙa'idar sau 500 zuwa 1,000. A irin wannan yawan abubuwa da dama za su hana bakteriya tsiro, kuma babu jikin da zai ɗauki magani haka.

Za ki kuma lura tatsonki ya fi cin Staphylococcus da Bacillus, in ya zo kan Escherichia coli ko Klebsiella ko Pseudomonas sai ya yi shiru. Ba laifinki ba ne. Waɗannan na rukunin da ba ya riƙe rinin Gram ne, wato rinin da ake raba bakteriya gida biyu da shi, suna da ƙarin fata ta waje da ke tare sinadarai da yawa, da kuma wasu famfuna da ke fitar da abin da ya kutsa. Kuma a nan gizo ke saƙa, domin a jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 na bakteriyar da aka fi buƙatar sabon magani a kansu, matakin ƙoli duk na wannan rukuni ne: Acinetobacter baumannii, Pseudomonas aeruginosa, da dangin Enterobacteriaceae masu bijire wa kabapenem, wani rukunin antibayotik mai ƙarfi. In kika samu abin da ya taɓa waɗannan a ƙaramin adadi, kuma ya maimaitu sau uku a ranaku daban-daban, to ki riƙe shi da kyau.

Ki riƙe shi, na ce, domin fangas na canza hali. Na taɓa samun wani daga saiwa wanda ke aiki sosai, na riƙa dasa shi daga faranti zuwa faranti ina ganin yana nan. Bayan 'yan watanni launinsa ya koɗe, aikin ya ɓace, kuma ban ajiye na asali ba. Dalilin shi ne fangas na ɗauke da gwamman rukunonin ƙwayoyin gado na ƙera sinadarai, amma yawancinsu a kulle suke, sai buƙata ta taso ake buɗe su. A faranti ga abinci a wadace, babu abokin gaba, babu mai gida, don me zai wahalar da kansa? Saboda haka daga ranar da kika tsarkake fangas, ki ajiye kwafi a giliserol cikin sanyi mai tsanani, ko aƙalla a ruwan da aka kashe wa ƙwayoyi.

Wannan kullewar kuma ita ce ƙofar da na fi sa wa rai a fannin. Canza abinci, ko gishiri, ko zafi, kan sa fangas guda ya fitar da sinadarai daban. Haɗa shi da bakteriya a kwalba ɗaya ya fi ban mamaki. A 2013 masu bincike a Düsseldorf ta Jamus suka rena endofayit Fusarium tricinctum tare da Bacillus subtilis, sai wasu sinadaransa suka ƙaru har ninki 78, wasu kuma da ba ya fitarwa in yana shi kaɗai suka bayyana. Da ya ji motsin abokin gaba sai ya buɗe rumbun makamai.

Shawarata game da aikinki

Hanya biyu ke gabanki. Ta farko ki tara tsirrai da yawa, ki fitar da fangas 50 ko 60, ki gwada kowa sama-sama. Tana cika shafi, amma ba ta barin abin da wani zai ɗora a kai. Ta biyu ki ɗauki tsiro ɗaya, ki kwatanta ganyensa da ɓawonsa da saiwarsa, ki tace waɗanda suka nuna alama, ki zaɓi biyu ko uku ki bi su har MIC. Ni ta biyu nake ba ki shawara. In kayan aiki sun ba da dama, ki ƙara gwajin abinci iri biyu ko haɗawa da bakteriya, domin ba ya cin kuɗi sosai kuma tambaya ce ta gaske.

Wajen zaɓen tsiro, mutane kan ruga ga wanda aka sani da magani. Ba laifi, amma kada ki ɗauka fangas ɗin zai kwaikwayi mai gidansa. Sau da yawa abin da yake ƙerawa nasa ne na kansa. Tsiron da ke rayuwa a wuri mai tsanani, ko wanda ba a taɓa bincikarsa ba, na iya fin shahararre amfani. Ki tabbatar masanin tsirrai ya tantance miki sunansa, ki ajiye busasshen samfuri, ki rubuta wuri da lokacin da kika ɗebo, domin mazauna ganye na canzawa da yanayi da shekarun ganyen. Shi ma fangas ɗin, kamanni a madubin ƙara girma ba ya wadatarwa, da yawa ma ba sa fitar da ƙwayoyin iri a faranti balle a gane su. Karanta sashen DNA da ake kira ITS shi ne mafi ƙarancin abin da ake bukata, kuma a jinsuna irin Fusarium da Colletotrichum ko shi ba ya kai ki ga nau'i, sai ki tsaya a sunan jinsi.

Abu guda nake roƙonki kada ki bari: gwajin guba. Ko da mafi sauƙi ne, ki haɗa tatsonki da jajayen ƙwayoyin jini ki ga ko zai farfasa su, bisa izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku. Wasu daga cikin gubobin fangas da muka sani suna kashe bakteriya. Patulin ma a matsayin antibayotik aka fara ɗaukarsa, har aka gwada shi a Birtaniya a shekarun 1940 a kan mura, bai yi aiki ba, yau kuma guba ce da ake sa wa ido a ruwan tuffa. Fusarium verticillioides na zama lafiya lau cikin masara a matsayin endofayit, amma shi ke fitar da fumonisin mai lalata ƙwaƙwalwar dawaki da huhun aladu. Saboda haka in wani ya karanta wannan ya yi tunanin rena funfuna a gida ya sha ko ya shafa a rauni, ina gargaɗinsa da babbar murya kada ya kuskura. Ke ma a ɗakin gwaji kada ki shinshini faranti, kada ki buɗe mai ƙura a fili, ki kashe komai a tukunyar tururi kafin zubarwa.

Ni aikina a ɗakin gwaji ya tsaya, daga ganye zuwa MIC da gwajin guba na farko. Tantance siffar sinadari aikin masana kimiyyar sinadarai ne da na'urorinsu, gwaji a jikin dabba da ɗan Adam kuma na masana magunguna da likitoci ne, ba zan yi miki fatawa a kansu ba. Abin da zan ce shi ne ki nemi abokin aiki a sashen sinadarai tun yanzu, kafin ki samu sakamako, domin in akwai damar auna nauyin sinadaran tatsonki a kwatanta da waɗanda aka riga aka sani, za ki gane da wuri ko sabon abu ne a hannunki ko tsohon sananne. A rubutunki kuma ki saka har fangas ɗin da bai yi komai ba, da adadin da kika gwada, da sau nawa kika maimaita. Kada ki rubuta cewa kin gano magani. Ki rubuta cewa tatson fangas kaza, daga saiwar tsiro kaza, ya hana bakteriya kaza tsiro a adadi kaza, kuma ga abin da ya yi wa ƙwayoyin jini. In kin fara fitar da fangas ɗinki, ki aiko min da bayanin yadda farantan tabbacinki suka kasance, daga nan sai mu duba waɗanda suka cancanci a bi. Allah Ya ba da sa'a.